Kada Ka Harba Ta Tukuna, Haruna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Daga mahaifinka Mati Maharbi a Ɗangora, zuwa ga ɗana Haruna a Doguwa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga sharrin abin da ke tafiya da ƙafa da wanda ke jan ciki, Ya haɗa ka da abokan aiki na gari, amin. Malam Idi na ƙofar masallaci ne ke riƙe da alƙalami, ni nake faɗa. Ya ce in zauna wuri ɗaya in daina miƙewa ina nuna masa da hannu, wai takarda ba ta ɗaukar nuni.

To ina zan iya zama, Haruna! Saƙonka ya iske ni a gona. Mai keken nan da ke kai goro Tudun Wada ya tsaya a bakin hanya ya ƙwala mini kira, ya ce an ɗauke ka cikin masu tsaron gandun daji, kuma an ware maka bindiga sabuwa dal, mai sakata, wadda daga akwati aka ciro ta, ko harsashi ɗaya bai taɓa bi ta cikinta ba. Wallahi ban san lokacin da na yar da fartanya ba. Sai da na iso gida Innarka ta tambaye ni ina hulata. Ita kuwa da ta ji labarin, kuka ta fara kafin ta yi guɗa. Ni dai tun ranar bakina ya ƙi rufuwa. Jikan mai kwari da baka, ɗan mai adaka, yau ga shi da bindigar Turawa a kafaɗa, kuma da izinin hukuma!

Mai keken ya ce ba a ba ku harsashi ba tukuna. Alhamdu lillahi. Shi ya sa na matsa wa Malam Idi tun kafin ya gama karin kumallo. Kada ka harba ta sai ka karanta takardar nan har ƙarshe. Na taɓa riƙe irinta, sabuwa kamar taka, kuma ni na kashe ta da hannuna. Kana wurin kakarka a Ɗansoshiya a shekarun, abin da ka sani shi ne kunnena na hagu ba ya ji. Yau zan ba ka labarin daki-daki, don kada ka bi sawuna.

Bayan an gama yaƙin Turawa, sojoji suna ta dawowa gida, akwai wani attajiri a Bebeji, Alhaji Na'iya, da gadu da gwaggon biri suka hana gonakinsa sakat. Ya nemi izini ya sayo bindiga daga Kano. Shi ko kaza bai taɓa harbi ba, sai ya aiko a kira ni. Na tarar da zaurensa cike da mutane. Aka kwance ta daga cikin wata takarda mai maiƙo, ga ƙota ja tana sheƙi, ga ƙarfe baƙi wuluk. Alhaji ya ɗora mini ita a hannu ya ce, "Mati, ga ta nan. Nuna mana."

Kaina ya fashe. Na goge bayanta da gefen rigata, muka fita bayan gari, yara na bin mu a guje. Aka kafa gora a kan suri. Na sa harsashi yadda na ga an kwatanta, na saita, na ja kunama. Haruna, jaki bai taɓa harbina haka ba! Na tsinci kaina zaune a ƙasa, hayaƙi mai wari ya turnuƙe fuskata, sakata ta cije ta ƙi buɗewa. Gora kuwa yana nan daram, ko ƙura ba ta taɓa shi ba.

Ana cikin dariya sai wani dogon mutum ya ratso taron. Saje Audu ke nan, tsohon soja, wanda ya dawo daga yaƙi ya kafa keken ɗinki a kasuwar Bebeji. Shi bai yi dariya ba. Ya karɓi bindigar, ya bugi sakatar da tafin hannu ta buɗe, ya zare ta gaba ɗaya, ya ɗaga bututun ya leƙa.

Ya ce, "Maharbi, ka wanke cikinta kafin ka harba?"

Na ce, "Sabuwa ce fa, Saje. Me za a wanke?"

Ya ce, "Leƙa."

Na leƙa. Cikin ya yi damƙam da wani maiƙo mai kauri kamar man kaɗanya, rabi ya ƙone ya yi baƙi. Ya ce masu ƙera ta ne ke cika ta da shi don kada ruwan teku ya ci ta a jirgi. Ya ce, "Harsashi ya zo wucewa ya tarar da hanya a cushe. Ka gode wa Allah da ya sami wurin fita ta gaba."

To ka ji na farko. Ranar da aka miƙa maka ita, zare sakata ka ajiye gefe. Jiƙa tsumma mai tsabta da kananzir, ka ratsa shi ta cikin bututun, ka sake, ka sake, har tsumma ya fito bai ɗauko komai ba. Ramin da harsashi ke kwanciya ma ka goge shi ƙal, da sakatar kanta. Sannan ka bi da busasshen tsumma. In ka gama, sa farcen babban yatsanka a ƙofar baya don ya tare haske, ka leƙa ta baki. Za ka ga abin da ya sa na kasa cin tuwo a ranar: cikin yana walƙiya kamar madubi, ga wasu tsagogi sun murɗe tun daga ƙasa har sama kamar igiyar da aka tufka. Su ne ke juya harsashi ya tafi sak. Adakarmu ba ta da su, shi ya sa muke raɓewa har sai mun ji numfashin dabba. Duk darajar bindigar nan tana cikin tsagogin. Wanda ya lalata su, sanda kawai yake saɓe da ita.

Washegari Saje ya rufe kekensa ya ce in biyo shi. Muka koma gindin surin nan mu biyu, ya zo da tukunyar ruwa da mazurari da wata igiya mai ɗan ƙarfe a kai. Ya hura wuta ya ɗora ruwa. Ya ce sabon bututu, komai ƙyallinsa, yana da kaushi a ciki wanda ido ba ya gani. Harsashin farko in ya wuce, kaushin yana kankare fatarsa ya riƙe. In ka aika na biyu a kai, sai ya danne ta, na uku ya ƙara dannewa, shi ke nan ta zauna. Amma in ka harba ɗaya ka goge tas, na gaba zai bi ƙarfe tsirara ya lallashe shi, kamar yadda hannu ke lallashe sabuwar ƙotar fartanya.

Na harba ɗaya. Ya ce, "Tsaya." Muka goge. Tsumma ya fito baƙi, na biyu ya fito da wani kore-kore. Ya ce fatar harsashin ke nan. Muka jira ƙarfen ya huce. Na sake harba ɗaya, muka sake gogewa. Haka muka yi ta yi har rana ta take tsaka. Na ce, "Saje, yau harbi muka zo ko wanki?" Ya ce, "Wanki. Harbin na nan tafe, shekara da shekaru, in ka bari." Ya ce gobe mu ƙara, jibi mu koma bibbiyu, sannan uku-uku, har ranar da tsumma zai daina kawo kore.

Ni kuwa ban kai goben ba. Da la'asar abokan Alhaji suka zo daga Kiru don ganin bindiga. Aka ce ina maharbi? Aka jera goruna. Wannan karon goran farko ya tarwatse, taro ya ɗauki sowa. Na biyu ma haka. Wani maroƙi ya fara yi mini kirari, ni kuma na yi ta ɗurawa ina saki, har na rasa lissafi. Da na kai hannu kan bututun sai ya ƙone ni kamar na taɓa tanda. Na tsorata, na fizgi butar wani dattijo na kwarara mata ruwan sanyi, ta yi cuuu.

Da Saje ya ji, bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Aikin da muka yi da safe ka zubar. Kuma wanda zai sake watsa wa ƙarfe mai zafi ruwan sanyi, kada ya ce ni na koya masa." Kwana da kwanaki muka yi muna jiƙawa muna gogewa kafin koren ya fita.

Kai ma za a zuga ka. Abokan aikinka samari ne, kowa zai so a ga wa ya fi saiti. Ka bar su su yi. Ɗaya, ka goge, ka jira ta huce. In ba ka iya riƙe bututun da hannu ba, to ba ta shirya karɓar wani ba. Ajiye ta a inuwa, sakata a buɗe, iska ta ratsa. Su kira ka tsoho, su kira ka mai wanki. Bayan damina biyu za a ga bindigar wa ke kai saƙo inda aka aike ta. In kuma harsashin da aka ba ku ƙidayayye ne, ka je wurin babbanku da ladabi ka gaya masa abin da kake son yi. Mai hankali ba zai hana ka ba. In ya koya muku wata hanya da ta saɓa da tawa, bi tasa, shi ke da alhakinku, amma wankin nan kada ka bari.

Maganar ruwan zafi kuwa, riƙe ta da kyau. Harsashin nan yana barin wani gishiri a ciki, mai ba ya narkar da shi, sai ruwa. Duk ranar da ka yi harbi, ko ɗaya ne, kada ka ci abinci sai ka tafasa ruwa, ka kafa mazurari ta baya, baki na kallon ƙasa, ka zuba har ƙarfen ya ɗau zafi. Zafin ne zai busar da shi. Ka bi da busasshen tsumma, sannan mai ɗan kaɗan. Washegari ka sake dubawa, don ƙarfe yana gumi. Man keken ɗinki za ka sa, ko wanda aka ba ku. Ni na taɓa sa mata man gyaɗa da na keke ya ƙare, ya daskare ya yi danƙo, tururuwa suka yi layi har cikin sakata.

Wata ɓarnar ma sabo ne ya jawo mini. Ka san yadda muke wanke adaka: toka, ɗan yashi mai laushi, a naɗa tsumma a sandar ƙarfe a yi ta dirza ta baki. Wata rana na ga ɗan ja-ja na tsatsa a cikin bindigar Alhaji, na ce yau za ka ga mai gida. Na kwaɓa toka da yashi, na ɗauko sandar adakata. Na zura sau ɗaya ke nan sai Allah Ya kawo Saje, ya zo Ɗangora awon riga. Tun daga ƙofar gida ya daka mini tsawa, har kajin Innarka suka watse.

Ya ce, "Mati! Tukunya ce?"

Ya nuna mini gefen bakin, inda sandar ta ɗan ci. Ya ce nan ne wurin da harsashi ke sallama da bindiga, in gefe ɗaya ya zaizaye, can zai karkata. Ashe ko igiyar gogewa in kana jan ta tana gugar gefen baki, da sannu za ta ci shi. Saboda haka ka saki ɗan ƙarfen igiyar ta baya ya faɗo ta baki, ka ja sak, a tsakiya, da ja ɗaya. Kada igiya ta taɓa ƙasa ta kwashi yashi. Tsumman da ya fito da datti kada ya koma. Na ce Innarka ta yayyanka tsohon farin zanenta, ta wanke, ta ƙulle maka, mai keke zai kawo tare da takardar nan.

Bayan wannan bindiga ta zauna. Kai, Haruna, ba a magana! Daga wannan bakin gona nake kwantar da gadu a wancan bakin. Birai suka san ni, da sun hango ni sai su haye duwatsu suna zagi. Alhaji ya ce in riƙe ta a gidana. Shekara biyu ina tashe, ana aiko mini daga Kiru, daga Tudun Wada, har na fara jin babu abin da ya rage in koya.

Damina ta uku aikin gona ya sha kaina. Na wanke ta, na shafe ta da mai, na rataye a ɗaki. Saje ya hana ni toshe bakinta da tsumma, ya ce yana jawo laima kuma ana mantawa da shi, don haka na bar shi a buɗe. Ta yi makonni ban taɓa ta ba.

Wata safiya ina shirin fita sai ga Arɗo Buba, abokina, wanda rugarsu ke wajen Tiga kusa da kogi. Ya zo yana haki. Ya ce damisa ta ɗauke masa maraƙi, na uku ke nan, kuma jiya ta bi 'yarsa da ta je ɗiban ruwa. Ya ce, "Kaɗo, taso. Karena ya san inda ta shiga."

Jinina ya tafasa. Damisa! Ban taɓa kashe ta da bindigar nan ba. Na fizgo ta daga ƙusa, na cika aljihu da harsashi. Na tuna a bakin ƙofa cewa ban leƙa cikinta ba. Wallahi na tuna. Sai na ce a raina, ni na wanke ta da hannuna, me zai shiga? Muka kama hanya.

Hantsi ya ɗaga muka isa duwatsun. Kare ya tsaya, gashin bayansa ya miƙe. Ga ta kwance a kan wani fa, ƙarƙashin inuwar kanya, ragowar maraƙin na gefenta. Ba ta da nisa ko kaɗan, yaro ma ba zai kuskure ba. Arɗo na bayana da addarsa. Na durƙusa, na saita tsakanin kafaɗa da wuya, na yi bisimilla, na ja.

Abin da na ji ba ƙarar harbi ba ne. Kamar aradu ta faɗo a cikin kaina. Bututun ya tsage kusa da baki ya buɗe kamar ɓawon rake, wani ɓarɓashi ya yanki kumatuna. Kafin in gane sama da ƙasa, damisa ta taso. Na ga haƙoranta, na ji warin bakinta. Arɗo ne ya tsallake ni ya tare ta da adda. Ta bar ni ta koma kansa, ta kama damtsensa na dama suka zube. Kare na cizon ƙafarta, ni kuma na juya bindigar na yi ta maka mata ƙota a ka har ta sake shi ta faɗa cikin duwatsu. Bayan kwana biyu ungulaye suka nuna inda ta mutu, saran Arɗo ne ya kashe ta.

Na ɗaure masa hannun da rawanina, na goya shi har ruga. Da na dawo gida da yamma, jini a riga, kunne na kuka, na shiga ɗaki na zauna. Sai ga zanzaro ya shigo da ɗan laka a baki, yana kewaya ƙusar da nake rataye bindigar, yana neman gidansa. A cikin bututun ya yi gini. Ɗan ƙwaron da bai kai yatsa ba.

Alhaji Na'iya, Allah Ya jiƙansa, da na kai masa gawar bindigar bai ko dube ta ba, ya ce, "Yaya Bafillacen?" Arɗo ya warke, amma har yau hannun ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, da hagu yake riƙe sanda. Na je ba shi haƙuri, na fara kame-kame, ina cewa ƙaddara. Ya yi murmushi ya ce, "Ƙaddara ce, Kaɗo. Amma ni ban san komai a kan bindiga ba. Na ga ka ɗauko ta ne, na biyo ka."

Haka mutane za su biyo ka, Haruna. Manomin da giwa ta shiga gonarsa, matar da kura ta hana zuwa rafi, abokin aikinka da ke tafe a bayanka, babu wanda zai ce buɗe in gani. Don haka kullum, kafin ƙafarka ta tsallake ƙofa, zare sakata ka ɗaga ta sama. In ba ka ga haske fes daga wannan kai zuwa wancan ba, ba inda za ka, ko da gari na ci da wuta. Ka goge man da ke ciki kafin harbi. In ka yi tuntuɓe bakinta ya taɓi ƙasa, tsaya ka cire harsashi ka duba. Ka sa baduku ya ɗinka mata 'yar hular fata da za ta rufe bakin ta waje, ba ta ciki ba. Kuma ko da hular, ka leƙa.

Sauran ka sani tun kana bina dawa. Bakinta ba ya kallon mutum ko da wasa, ko ka rantse babu komai a ciki. Ba ka ba kowa aro. Dajin da aka ba ka tsaro amana ne, kada daɗin sabuwar bindiga ya sa ka harbi abin da aka ce ka kiyaye. Ka riƙe salla. Ka gaida dattawan Doguwa kafin su gaishe ka, maharbansu sun san dajin nan tun ba a haife ka ba, ka durƙusa ka tambaye su.

Malam Idi ya ce hannunsa ya gaji kuma tawada ta kusa ƙarewa, ni kuwa yanzu na fara. Bari in roƙe ka abu ɗaya. Ranar da ka yi harbin farko, kwanson harsashin zai faɗo gefenka na dama da zafinsa. Kada ka bar shi a ƙasa. In an yarda, naɗe shi a ƙyalle tun ƙamshin bai fita ba, ka ba mai keke ya kawo mini. Ina so in shinshina, in kuma zaga da shi kasuwar Ɗangora rumfa-rumfa, duk wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba in ce masa na ɗana ne.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci da zafinsa. Ƙannenka suna gaisuwa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa hannunka ya zama kariya ga mutane, Ya fitar da kai lafiya Ya dawo da kai lafiya, Ya yi maka albarka duniya da lahira. Amin summa amin.

Ni ne mahaifinka,
Mati Maharbi, Ɗangora.